Shekarar da Habibou Ya Yi wa Haiti Jaje

Habibou ɗan tebur ne. A titi na 125 a Harlem yake kasa kaya, dab da matakalar da mutane ke fitowa daga jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma sama ce ke zaɓa masa abin da zai sayar. In rana ta buɗe, tabarau. In hadari ya haɗo, laima. In sanyi ya sauko, hula da safar hannu. Shi ya sa kafin ya kai loma baki da safe ya riga ya san abin da gari zai yi, domin ɗan teburin da ruwa ya tarar da tabarau a gabansa ya yi asarar yini.

Mutumin Damagaram ne, haifaffen unguwar Birni. Ya sauka New York gemunsa baƙi ƙirin, da niyyar ya yi 'yan shekaru ya koma. Yanzu gemun ya yi furfura har wanzami ya daina yi masa tsiya a kai. Matarsa Indo tana can gida, 'ya'yan da ya bari suna rarrafe har sun yi aure. Takardunsa na zama a ƙasar ba su taɓa kammaluwa ba. In ya fita ba dawowa, in kuwa ya koma gaba ɗaya, tukunyar da ke tafasa da cinikin teburinsa za ta huce. Suna waya da Indo, amma hirar ta tsufa ta ƙanƙance: lafiya lau, yara lafiya, an gode Allah, sai an jima.

A Bronx yake kwana, a Concourse Village, hawa na huɗu. Da su biyu ne a ɗakin, shi da Kadri, wani direban tasi ɗan Tasawa. Kadri ya samu takardu, ya ɗauko iyalinsa, ya tashi. Ya bar wa Habibou ɗaki da shacin ƙafafun gado a kan leda.

Abin da Habibou ya rasa a garin nan, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne ƙofar gida. A Damagaram namiji ba ya neman dalilin zama da mutane. Akwai dakali, akwai tabarma a inuwa, ka yi sallama ka zauna, ko ba ka ce uffan ba an san kana nan. Cikin gida kuwa ba a faɗa masa haka kawai. Sai da suna, ko biki, ko dubiya, ko jaje, ko ta'aziyya. To New York ba ta da ƙofar gida. Dogon lungu ne mai warin maganin wanke ƙasa, da ƙofofi a kulle, kuma bayan kowace ƙofa cikin gida ne.

Ƙofar da ke kallon tasa ta wani dattijo ce, Wilner, mutumin Haiti, tsohon makanikin motocin bas. Matarsa ta rasu, ɗansa yana Florida. Shekara da shekaru suna haɗuwa a lif, wannan ya ce “bonjour”, wancan ya ce “bonjour, vwazen”, wato maƙwabci a bakin mutanen ƙasarsu, kowa ya sa makullinsa ya shige.

Ana nan sai shekarar 2021 ta zo wa Haiti da ƙafar hagu.

Wata safiyar Laraba a watan Yuli, Habibou yana jera tabarau, rediyon Faransa yana magana a kunnensa, ya ji an ce 'yan bindiga sun shiga gidan shugaban ƙasar Haiti sun kashe shi. Ya ce innalillahi, ya ci gaba da jera kaya. Sai can wajen azahar wani tunani ya zo masa: ai maƙwabcinsa ɗan can ne. Ai akwai haƙƙin maƙwabtaka.

Da yamma ya yi wanka, ya goge kaftaninsa ruwan toka, ya kafa hula, ya fesa turare. Ya dafa shayi mai na'ana'a ya cika fulas. Ya tsallaka lungun, ya ƙwanƙwasa.

Wilner ya buɗe, sarƙar ƙofa a maƙale, yana kallonsa ta saman tabarau.

“Papa Wilner,” in ji Habibou da Faransancinsa na kasuwa, “na ji abin da ya faru a ƙasarku. Na zo jaje.”

“Jaje? Ni ba ɗan'uwansa ba ne, vwazen. Ko ƙuri'a ban ba shi ba.”

“A wurinmu in gobara ta tashi a garin mutum, ana yi masa jaje ko da ba rumbunsa ne ya ƙone ba.”

Dattijon ya dubi kaftanin, ya dubi fulas ɗin. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya zare sarƙa.

A ƙa'ida mai jaje ba ya daɗewa. Ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya shafa, ya tashi. Habibou ya yi duk wannan, amma da ya yunƙura zai tashi sai Wilner ya fara magana, kamar famfon da aka daɗe ba a murɗa ba. Ya zagi 'yan siyasa, na da da na yanzu. Ya sauko da taswira daga bango ya nuna masa tsibirin, yadda aka raba shi biyu, nasu ɓangaren kamar ƙaguwa ta buɗe hannu. Ya ɗora yatsa a arewa, bakin teku. “Nan ne garinmu, Okap. Nan Mirlande take, 'yar ƙanwata. Ni na yi mata makaranta. Tana soya ayaba da kifi a bakin babban titi, mijinta yana haya da babur. Ita kaɗai ta rage mini a can.”

Shayi ya ƙare, aka ɗora kofi. Da Habibou ya koma ɗakinsa sai ya ji yunwa irin wadda ya manta da ita. Ya cinye shinkafar da ya yi niyyar rabawa biyu.

Washegari suka haɗu a lif. “Bonjour, vwazen.” Kowa ya sa makullinsa.

Da babbar sallah Habibou ya kai masa nama. Wilner ya karɓa a bakin ƙofa, ya yi godiya sosai, ya rufe. Habibou ya gane cewa kyauta ba ta shigar da mutum ɗaki. Masifa ce ke da kujera.

Ba ta kuwa daɗe ba. A tsakiyar Agusta, ranar Asabar, ranar da tebur ya fi ciniki, aka yi girgizar ƙasa a kudancin Haiti, ta kashe dubban mutane. Habibou ya tattara kaya rana tsaka. Basanagalen da ke sayar da turaren wuta kusa da shi ya tambaye shi ko lafiya, ya ce rasuwa aka yi musu. Ya tarar da Wilner a gaban talabijin, hannu bisa kai. Okap tana nesa da inda abin ya faru, Mirlande lafiya lau, amma dattijon ya yi kuka, Habibou kuma yana gefensa yana ta cewa sai haƙuri. A nan ne ya tuna da wata rahama da al'adarsu ta tanada: makoki ba yini ɗaya ba ne. Akwai uku, akwai bakwai, akwai arba'in. Bai bar ko ɗaya ta wuce shi ba. Tsakanin ukun da bakwan guguwa ta sauka a kan waɗanda girgizar ta bari a waje, wannan ma jajenta daban. A Satumba aka nuno 'yan Haiti jibge a ƙarƙashin wata gada a Texas, ana kwasarsu a jirgi ana mai da su. A Oktoba satar mutane ta yi ƙamari, mai ya yi wuya har asibitoci suna neman rufewa. Kaftani ruwan toka bai huta ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a titi na 116, Kadri ya tare shi a bakin wani shagon abinci.

“Jakadan Haiti! Ranka ya daɗe. An ce ofishinka ba ya rufewa.”

“Wa ya faɗa maka?”

“Kai ka faɗa mini, tsoho. In na kira ka, Papa Wilner ya ce, Papa Wilner ya yi. To ni tambayata ɗaya. Bana nawa aka kashe a Tillaberi da Tawa? Mutanen can ga su nan cike da masallaci. Wa ka kai wa shayi a cikinsu?”

“Na yi musu gaisuwa a sahu.”

“A sahu! Shi kuma wancan har ɗaki, da turare.” Kadri ya kama hannunsa, muryarsa ta sauko. “Yaya Habibou, ka zo gida mana. Balki kullum sai ta yi cigiyarka. Lahadin nan tuwo za ta yi, miyar kuka da man shanu.”

“In Allah ya so.”

Dukansu sun san ma'anar wannan amsa. Habibou ya taɓa zuwa gidan Kadri, ya san yadda ake yi. Balki, matar Kadri, za ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi Indo da wata murya mai taushi irin ta dubiya. Yara za su ce “Hi, uncle” su koma kan wayoyinsu. In zai tafi a ƙulle masa sauran tuwo a roba, Kadri ya rako shi har tasha yana cewa komai lokaci ne. A gidan Kadri shi ake yi wa jaje, ba a dai furta kalmar ne kawai. A ɗakin Wilner kuwa shi ne mai sannu a baki. Mutumin da tun da ya zo ƙasar nan in ya ambaci sunan ƙasarsa sai a langaɓe kai a ce ayya, yau ga shi ya samu wanda zai langaɓe wa kai. Wannan daɗin bai taɓa kiran sunansa ba, ko a zuci.

Nuwamba ta zo, babu wani babban labari da ya isa a goge kaftani dominsa. Wahala tana nan yadda take, amma wahalar kullum ba a yi mata jaje. Habibou ya koma bonjour a lif. Ya lura yanzu da safe kafin ya duba yanayin gari, sunan Haiti yake fara nema a waya. In bai ga komai ba ya ce alhamdulillahi, kuma da gaske yake faɗa. Amma mai sayar da laima ya san wani abu game da kansa. Ba ya roƙon ruwa ya rushe gidan kowa, sai dai in ya ɗaga kai ya ga hadari ya yi baƙi, akwai wani wuri a ƙirjinsa da ke yin sanyi.

Ranar wata Talata a tsakiyar Disamba, ya idar da sallar asuba ke nan ya kunna waya. Tankar mai ta kife a Okap. Mutanen da suka yi watanni suna neman mai sun fito da bokitai da jarkoki, sai ta kama da wuta, ta cinye mutane da gidajen bakin titi. Ya san irin wannan, an taɓa yi a Yamai. Ya kuma san sunan garin, ya san wadda ke soya kifi a bakin babban titi.

Da a Birni ne, da a guje zai fita, ko takalmi babu. Amma hannunsa ya riga ya saba. Ya ɗora ruwa. Ya jona dutsen guga. Ya ce a ransa ba a shiga wa dattijo da sassafe, bari gari ya ɗan waye. Ya tsinke na'ana'a, ya jira shayi ya yi kauri yadda Wilner ke so. Ya fesa turare, ya tsallaka.

Wilner ya buɗe da singileti, rabin fuskarsa kumfar aski, wata waƙar ƙasarsu tana tashi daga ciki. Ya buɗe baki zai yi barkwanci, sai idonsa ya sauka kan kaftanin, ya gangara kan fulas. Rezar da ke hannunsa ta yi ƙasa.

“Ina ne kuma?”

Sai a lokacin Habibou ya gane bai ji ba. “Papa Wilner... Okap ne. Tankar mai.”

Dattijon ya juya ya rarumi waya. Ya kira, ba ta shiga. Ya sake kira. Ya kira wani, ya kira wata, yana zagaya ɗakin, kumfa tana bushewa a kumatunsa. Habibou ya shiga ya zauna a kujerar da ta zama tasa, ya ajiye fulas, ya haɗa tafukansa, ya sunkuyar da kai. Bakinsa ya yi abin da ya iya.

“Allah ya ba da haƙuri. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Dukanmu can za mu.”

Wilner ya tsaya cak. “Har ka binne ta?”

“A'a, Papa, ai addu'a ce...”

“Wayarta ce ba ta shiga. Wayarta kawai.” Ya matso, ya ɗora bayan hannunsa a jikin fulas ɗin. “Yaushe ka ji?”

“Da asuba.”

“Da asuba. Ina nan ina waƙa kamar wawa, taku kaɗan tsakaninmu, kai kana can kana dafa shayi. Ka yi guga. Har da turare.”

“Haka ake zuwa a wurinmu. Girmamawa ce.”

“Na sani. Na ga girmamawar tun Yuli.” Muryarsa ba ta tashi ba, ita ce ma ta fi ciwo. “Na yi ta ce wa ɗana, akwai wani mutumin kirki a nan, ɗan Afirka, duk abin da ya same mu sai ya zo. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba ya zuwa in ba abin da ya same mu ba. Vwazen, ka san da na buɗe ƙofar nan murmushi kake yi?”

Wilner ya tura masa fulas ɗin.

“Ɗauki shayinka. In ƙasata ta nutse a teku ma, zan ji a rediyo.”

Ranar bai fita kasuwa ba. Ya zauna a bakin gado da kaftaninsa, yana jin muryar dattijon ta bango, tana hawa tana sauka a waya. Ya so ya ce ƙarya ne, bai yi murmushi ba. Ya tsaya gaban madubin banɗaki ya gwada fuskar da yake zuwa da ita, fuskar jaje, gira a haɗe, kai a karkace. Ta yi daidai. Amma ya san ba ita ya tsallaka lungun da ita ba.

Daga bakin mai kula da ginin ya ji sauran labarin. Mirlande tana da rai, wuta ta taɓa mata hannuwa. Mijinta ne ya tafi da jarka, bai dawo ba. Ranar Lahadi mutanen cocin Wilner suka yi ta hawowa, mata da manyan huluna, maza da baƙaƙen kwat, suna ɗauke da tukwane. Habibou yana jin su ta bayan ƙofarsa. A duk shekarar wannan ce rasuwa ta farko da ta shiga gidan maƙwabcinsa da gaske, ta'aziyyar da ta wajaba a kansa, ita ce kuma wadda ba shi da fuskar kaiwa.

Ya daina kunna rediyo. Ya koma tashi da wuri don kada su haɗu a lif. A tebur yana miƙa hula yana karɓar ciniki, yini guda abin da ke fita bakinsa bai wuce farashi ba. Indo ta kira ta ce muryarsa ta canza, ko mura ce. Ya ce mura ce.

Ana saura kwana kaɗan shekara ta ƙare, wata yamma mai yayyafi, ya dawo da jakar kaya a kafaɗa. Ya tsaya a lungu yana laluben makulli. Ta ƙarƙashin ƙofar Wilner haske yana fitowa, ba motsin kowa, baƙin coci sun daɗe da ɗaukewa. Ya ajiye jakar a ƙasa. Da jiƙaƙƙiyar rigar sanyinsa, da takalmin kasuwa, hannu ba komai, ya ƙwanƙwasa.

An daɗe kafin a buɗe. Sarƙa tana maƙale. Wilner ya rame, gemu ya tsiro masa fari fat.

“Wa ya mutu?”

“Ba kowa.”

“Me ya ƙone?”

“Ba abin da ya ƙone.”

“To?”

Habibou ya laluba cikin duk gaisuwar da aka koya masa tun yana yaro. Akwai ta aiki, ta gajiya, ta sanyi, ta dawowa daga tafiya, ta haihuwa, ta ɓarin da aka yi. Babu wadda aka tanada wa mutumin da ya zo don shi ne ke bukata. Dole ya ƙera tasa, da Faransancin da bai ishe shi ba.

“Ɗakina ya yi mini shiru, Papa Wilner. Tun da daɗewa. Ba ni da inda zan zauna sai wurinka.”

Da ya faɗa sai ya ji kamar ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Dattijon ya dube shi. Ba fushi a idonsa, ba kuma maraba.

“Da haka ka ce tun farko,” in ji shi, “da ba sai mutane sun mutu ba.” Ya shafa gemunsa. “Yau ba na son ganin kowa.”

“Gobe fa?”

“Ban sani ba. Ka tambaye ni goben.”

Ƙofa ta rufe a hankali. Habibou ya tsaya har fitilar lungun ta fara yi masa ƙara a kunne, sannan ya ɗauki jakarsa ya buɗe tasa ƙofar. Ya zauna a bakin gado yana kwance igiyar takalmi, yatsunsa sun sandare da sanyi. Gobe zai sake tsayawa a can hannu wofi, ya sake roƙo, mai yiwuwa a sake ce masa ba yau ba. Ya cire takalmin ɗaya, ya daɗe riƙe da shi kafin ya sunkuya ga ɗayan.